Ranar da Na Ce Ban San Malam Garba Ba

Zuwa ga ɗana Iliya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ubangiji ya kai ka lafiya, ya raba ka da direba mai gaggawa da hanya mai ramuka, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa a wurin horon 'yan sandan nan. Na cusa wannan takarda a jakarka tsakanin garin kwaki da yajin da na daka maka, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Da a cikin Littafi Mai Tsarkinka na sa ta, sai ka gama horo ka dawo ba ka gan ta ba.

Labarin gida ba ni da shi, yau ka bar gidan, ka san inda kwano yake yoyo. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar da na ji daga bakinka ranar da sunanka ya fito. Abokanka sun cika tsakar gida, ni ina bayan ɗaki ina soya muku doya, sai na ji ka ce, "Bari dai a miƙo mini bindiga, mutanen nan za su san babana ya bar baya." Suka yi dariya. Daga nan ka shiga ba su labarin Bahaushen da ya zo da wuƙa ranar Kirsimeti zai yanka mu. Doyar ta ƙone a kasko ina tsaye a kanta. Murya taka ce, amma kalmomin nawa ne, ko ɗaya ba ka canza ba.

Na yi ƙoƙarin gaya maka gaskiyar labarin nan baki da baki, ai ka tuna. Ban kai rabi ba ka ce tsufa ne ya fara taɓa ni, ka toshe kunnuwanka da wayar nan taka ka fita. To ga shi a rubuce, takarda dai ba a katse mata magana. In ka ga dama ka yaga ta, amma ka karanta tukuna.

Ku da kuka tashi a Trikania kun ɗauka tun asali kogin nan ya raba gari, Musulmi can, mu Kirista nan. Ba haka ba ne. A Tudun Wada na haife ka, a gidan haya, babanka Ayuba yana hawan kekensa ya haye gada zuwa masaƙa a Kakuri. Katanga ɗaya muke da Malam Garba mahauci da matarsa Maman Sadiya. Ita ta koya mini miyar taushe, ni ke ɗinka wa 'ya'yanta kayan Salla. A lokacin akwai abin da kowane gidan Kirista a layinmu yake yi, wanda ku yaran yanzu ba ku taɓa gani ba: ba ma yanka dabbar Kirsimeti da hannunmu. Musulmi ake kira ya yanka, don idan an kai wa maƙwabta shinkafa da nama su ci hankali kwance. Namu mai yankan shi ne Malam Garba. Da sassafe zai shigo da wuƙarsa naɗe a tsumma, ya dubi akuyar ya ce, "Malam Ayuba, wannan akuya ce ko mage?" Babanka ya ce masa a yi mata haƙuri, albashin masaƙa take ci. Ba ya karɓar komai sai kai da ƙafa, su ma sai an yi ta fama da shi.

Sai rikicin addinin nan ya zo. Babanka ya fita aiki da safe bai dawo ba, har yau ba mu ga gawarsa ba. Da hayaƙi ya fara tashi a bakin layinmu na goya ƙanwarka Rahila, na kama hannunka, na je na buga ƙofar Maman Sadiya. Na buga har hannuna ya yi tsami, ina kiran sunanta. Ba a buɗe ba. Motar soja ce ta kwashe mu daga baya, daga bariki kuma muka sami ɗaki a nan tsallake. Ba zan ce maka ba a zalunce mu ba. An zalunce mu, kuma duk wanda ya ce maka ka manta da babanka bai san zafin rashi ba. Amma ni ban tsaya a kuka ba. Ƙofar nan da ba a buɗe ba na riƙe ta a raina, ina juya ta safe da yamma, har ta zame mini hujja a kan kowane mai hula da doguwar riga. Ka kiyayi baƙin cikin da kake jin daɗin juya shi, ɗana. Kukan babanka daban, wannan daban, ni kuma na gauraya su har na kasa rabawa.

A ƙarshen shekarar matan zumuntar cocinmu suka haɗa hannu suka sayo mini 'yar akuya daga Kakau, wai marayu ma su ci nama. Na ɗaure ta a gindin gwaiba. Da safiyar Kirsimeti ina ɗaura kallabi za mu coci, sai na ji hayaniya a layi. Samarin da ke gadin unguwa tun bayan rikici suka turo wani mutum har ƙofarmu, ba hula a kansa, rigarsa ta yage a kafaɗa. Malam Garba ne. Ashe ya yi ta tambaya har ya gano inda muka koma, ya hayo gada a ranar da ya saba, da wuƙarsa a tsumman nan dai da na sani. Sun caje shi sun same ta. Ya ce musu gidan Maman Iliya ya zo, yankan akuya.

Babbansu ya ce, "Mama, ya ce wurinki ya zo. Kin san shi?"

Na dube shi, ya dube ni, har da ɗan murmushi irin na wanda ya iso gida. Na san abin da ya kawo shi kamar yadda na san sunana. Akuyar ma tana kuka a bayana. Na ce, "Ban san shi ba."

Ya ce, "Maman Iliya, ni ne fa, Garba."

Yaron ya sake tambayata, don shi ma bai so ya yi kuskure ba. Na sake cewa ban taɓa ganinsa ba. Kana bayan zanina kana leƙe.

Ba zan rubuta abin da suka yi masa ba. Akwai wani ɗan sanda da ke haya a ƙarshen layin, ɗan ƙauyenmu ne, shi ya fito da singileti ya kwanta a kansa, duwatsu suna sauka a bayansa, har abokan aikinsa suka iso. Ba don shi ba da a ƙofarmu Malam Garba zai cika. Ya rasa ido ɗaya, hannunsa na dama kuma bai ƙara riƙe wuƙa ba. Samarin nan su suka yanka akuyar da rana, na dafa, na zuba musu suka ci. Shi kuwa ɗan sandan na daina amsa gaisuwarsa har ya bar unguwar.

Iliya, waɗanda suka kashe babanka ban san su ba har yau. Wanda na sani shi na bayar. Haka ƙiyayya take, ba ta samun mai laifin, sai ta kama wanda ya fi kusa, wanda ya fi kusa kuma yawanci mai ƙaunarka ne, don shi kaɗai zai yi gangancin zuwa inda kake. Aikin da za ka shiga aiki ne da taro zai riƙa turo maka mutane ana ihu a bayansu. Kada ka dubi hularsa ko bakinsa ka yanke hukunci. Ka tambaye shi inda ya fito da inda za shi, ka saurara har ya gama.

Da yammar ranar ka zo ka jingina da ni ka ce, "Mama, ba Baban Sadiya ba ne?" Ka san shi, Iliya. Kai ka faɗi gaskiya a gidan nan, kana ɗan ƙanƙane. Na buge maka baki, na ce wani mugu ne ya zo yanka mu Allah ya tona asirinsa. Washegari na sake faɗa, don maƙwabta suna tambaya. Na faɗa a zumunta aka yi waƙar godiya. Na yi ta faɗa har ka manta da fuskarsa, har ni ma wani lokaci nakan ga kamar haka aka yi. Magana zarar bunu ce, ni kuwa na zari wannan na damƙa maka ka girma da ita. Idan ka yi kuskure a wurin aiki, ka faɗe shi tun yana ɗanye, ko za a tuɓe maka kaki. Ƙaryar da aka yi don a rufe laifi kullum sai an ciyar da ita, tawa kuwa da ɗana na ciyar da ita.

Sauran ka san shi, ka rayu a ciki. Na hana ku sayen ko ashana a shagon Bahaushe. Na aike ka da ƙafa har kasuwa mai nisa cikin rana, ga tumatir a bakin titi, don dai kada kuɗina ya shiga hannunsu. In iska ta kwaso kiran salla nakan tofar da yawu, kai ma ka tofar, in yi dariya in ce ɗana ya yi wayo. Akwai sunan da nake kiransu da shi wanda ba zan rubuta ba, kai ma ka san shi, da shi ka fara iya zagi. Ranar da ka dawo daga makaranta ka ce ka yi aboki mai suna Nura, na hana ka tuwon dare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ga shi na yi gudu, kai kuma ka wuce ni. Ban san shawarar da zan ba ka a nan ba, sai dai in ce duk abin da ka ji yana tasowa a cikinka idan ka gan su, ka sani ba da shi aka haife ka ba. A cokali na ba ka shi.

Duk wannan fa ina yi ne da Littafi Mai Tsarki a hannu. Ba na fashin sujada, anko ɗin zumunta nawa ya fi na kowa guga. Amma da za ka duba tsohon Littafin nan nawa, za ka ga wuraren da suka yi baƙi da dattin yatsa duk wuraren kukan neman sakayya ne a kan maƙiya. Su nake buɗewa, in karanta, in sa sunan mutanen can a ciki, in ce amin da ƙarfi. Inda Ubangiji ya ce a ƙaunaci maƙiyi kuwa nakan ce ai bai zauna a Tudun Wada ba. Na mai da Maganar Allah sanda, na riƙe gindin, bakin yana kallon tsallaken kogi. Kada ka karanta ta yadda na karanta. In ka buɗe ka ga kullum tana goyon bayanka, tana zagin wanda ka tsana, to ba ita kake ji ba, kanka kake ji. Ka fara daga farkon Bishara ka bi ta a jere, har wuraren da ba ka so.

Ni ma ba da niyya na isa wurin ba. A makon tunawa da shan wahalar Ubangiji ne shugabar zumunta ta miƙo mini karatu, don mai karatun ba ta zo ba. Na miƙe da tabarau ina taƙama. Wurin da almajirin Yesu yake jin ɗumin wuta a tsakar gida ne, ana tuhumar Ubangijinsa a ciki, aka tambaye shi ko ya san shi, ya ce bai sani ba, aka sake tambaya ya sake musu. Tun ina yarinya na san labarin, ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Ranar ina kaiwa wurin muryata ta tsaya. Na ga murmushin Malam Garba. Shi almajirin zakara ne ya tuna masa, ya fita nan take ya yi kuka mai zafi. Ni akuya ta yi ta kuka a gindin gwaiba, na sa aka yanka ta na ci. Kuma shi tsoro ne ya sa shi, ni kuwa ba wanda zai taɓa ni da na ce na san shi. Mata suka ɗauka hawan jini ne, suka zaunar da ni suna yi mini fifita.

Daga ranar na koma karanta Littafin daga inda nake tsallakewa. Ba zan yi maka ƙarya in ce na warke ba. Har yanzu in na shiga mota na ga duk su ne a ciki, nakan so in sauka. Sai dai yanzu na san sunan abin, zunubi ne, ina kai shi gaban Ubangiji kowace safiya kamar yadda nake shan maganin jinina, in na yi fashi kuma ya tashi. Na sani Yesu ya mutu domin Malam Garba da jini ɗaya da wanda ya zubar domina, kuma ni na tsaya a ƙofa na ce ban san shi ba. In akwai abin da ya sassauta ƙiyayyar nan, sanin haka ne, ba ƙoƙarina ba.

Sai kuma na ƙara wani kuskuren. Na san ya kamata in haye in nemi gafararsa, amma na yi ta cewa sai bayan damina, sai Rahila ta tare a Mahuta, sai ƙafata ta yi sauƙi. Na taɓa kaiwa bakin gada na sauka na juyo. Zumunta a ƙafa take, ni kuwa tawa ƙafar ta yi nauyi shekara da shekaru. Da na je a ƙarshe, gidan yana nan, ƙofar ma ita ce, an dai sake mata fenti. Na buga, Maman Sadiya ta buɗe. Ta tsufa kamar ni. Ta dube ni ta ce, "Maman Iliya, kin makara. Malam ya rasu bara."

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na fara magana ta ɗaga mini hannu, ta ce bari ita ta fara. Ta ce ranar rikici ta ji bugun ƙofata, tana ciki, ta toshe bakin Sadiya da hannu don kada ta amsa, saboda an ce duk gidan da ya ɓoye Kirista za a ƙone shi. Malam yana kwata, hanya ta rufe, bai iso gida ba sai da komai ya lafa. Da ta gaya masa, ya daɗe bai ci abincinta ba. Shi ya sa da Kirsimeti ta zo ya ɗauki wuƙa, ta roƙe shi kada ya je, ya ce yaran Ayuba ba za su rasa mai yanka musu ba yana da rai.

Na tambaye ta ko ya yafe mini. Ta ce ba za ta yi wa mamaci ƙarya ba, bai taɓa ce mata ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ta ce, "Amma ni kaɗai ya gaya wa ya gan ki. 'Ya'yansa ce musu ya yi bai sami gidan ba, a hanya aka tare shi. Ya ce kada su tashi da ke a ransu." Muka zauna mu biyu muna kuka, ba wadda ta iya lallashin wata.

Ka gani ko, Iliya. Shi ma ya ɓoye wa 'ya'yansa gaskiya, ni ma na ɓoye wa nawa. Shi don kada su ƙi mu, ni don ka ƙi su. Shi bai taɓa buɗe Littafin da nake ɗauka zuwa coci ba. In akwai wanda kake son neman gafararsa ko ka yafe masa, ka tashi ka je a ranar, da na sani ƙeya ce, ni ga ni ina ɗauke da ita zuwa kabari.

Ɗansa Sani shi ya rako ni har bakin titi, yana riƙe mini jaka, yana ta Mama, Mama, yana tambayar ina abokinsa Iliya mai katon kai. Tare kuka yi rarrafe a tsakar gidan nan. Ya gaji babansa, mahauci ne, kullum yana bin hanya da wuƙaƙensa naɗe a tsumma. Tun da na ji abin da ka faɗa wa abokanka, shi nake gani. Ina ganin ka a shingen bincike da bindiga a kafaɗa, an sauke shi daga mota, an kwance tsumman, kai kuma labarina yana kunnenka.

Ban sani ba ko wannan takarda za ta yi wani amfani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuma na tanƙwara ka tun kana ɗanye, ta inda bai kamata ba, yanzu ka bushe ina neman miƙe ka da biro. Wataƙila ka karanta ka yi tsaki ka ce ko da akuya ya zo yankawa, 'yan'uwansa fa. Ba ni da amsar da za ta dawo da babanka. Ba ni da ikon cire abin da na zuba maka, Ubangiji kaɗai ke da shi, kuma ni ma sai da na tsufa na bar shi ya taɓa ni. Ina tsoron kada kai bindiga ta riga shi. Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Ka buɗe Littafin nan da na sa maka a ƙasan jaka, ka nemi wurin almajirin da ke jin ɗumi, ka karanta da ƙarfi kai kaɗai. In kuma dole ka yi koyi da wani a aikin nan, kada ka yi koyi da uwarka, ka yi da mutumin nan mai singileti da na daina gaisawa da shi.

An tambaye ni sau biyu a ƙofar gida, kai ma ka tambaye ni da yamma, duka ban amsa daidai ba. Bari in amsa maka yanzu. I, Iliya, Baban Sadiya ne. Na san shi. Maƙwabcinmu ne, shi ya yanka akuyar da aka ci ranar da muka kai ka coci aka sa maka albarka, kuma yankan akuya ya zo yi.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga harsashin mugu, ya tsare bayin Allah daga naka. Ya dawo mini da kai da ranka da lafiyarka, hannunka ba jinin kowa. Rahila tana gaishe ka. Ka riƙa cin abinci, kuma yajin nan kada ka rabar da shi duka a mako ɗaya.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu